Gidan Abinci Mai Hawa Sama

A tasha, wani dattijo yana jiran mota ta cika, sai ya dubi matar da ke gefensa a benci.

"Hajiya, jiya na ci abinci a saman bene, gari duk yana ƙarƙashina. Ɗana likita ne ya kai ni."

"Iye! An ci duniya, Alhaji."

"Cokula jere kamar za a yi tiyata. Farantin ya kai tire, naman kuwa sai da na sa tabarau na gan shi."

"Ai haka manya ke ƙoshi, da ido."

"Wani mai farar riga ya tsaya a kaina, ko tari na yi sai ya zuba mini ruwa."

"Madalla. To girkin surukarka fa, ya yake?"

Dattijo ya gyara hularsa.

"Ban shiga gidan ba. Ya ce ana fenti, sai ya kama mini ɗaki a otal."

"Allah sarki," in ji ta, tana kallon jakarta. "Ashe mai fentinmu ɗaya. Tun auren 'yata yake aiki a gidanta, har yau bai gama ba."