Ranar da Kwamfutar Asibiti ta Mutu a Hannuna

Mai girma shugaban masu gyaran kwamfuta na kasuwar Kariakoo, dattijonmu Mzee Shomari Kibwana. Dattawan wannan sana'a. Abokan aiki maza da mata, ina gaishe ku da kyau. Ni ce Mwajabu Kileo, kuma na gode da kuka ba ni wannan dama, ko da yake ba labarin nasara na kawo muku ba.

Abu na farko, BIOS. Kun san shi, ɗan guntun nan mai ƙafa takwas a jikin babban allon kwamfuta, wanda idan abin da ke cikinsa ya lalace, kwamfuta ko motsi ba ta yi. Watan jiya wani ƙaramin asibitin haihuwa ya kira ni, kwamfutar da ke haɗe da na'urar hoton ciki ta ƙi karɓar sabon faifai. Na samo BIOS da wani ya yi wa kwaskwarima a intanet, na fara filashin, wato rubuta shi a cikin guntun. Ban kwafi na asali ba. Ban haɗa batirin ajiya ba. Shekarata goma sha ɗaya a aikin nan, na ce ai minti uku ne.

Ya kai kashi sittin da uku cikin ɗari, wuta ta ɗauke.

Da janareta ya tashi na kunna. Fanka na juyawa, fuskar kwamfutar baƙa ƙirin. Na kashe, na kunna, na kashe, na kunna. Sai ga nas Upendo a bakin ƙofa. Ta ce, "'Yar'uwa, kin gama? Ga mai cikin wata takwas tana zubar da jini, likita na son ganin inda mabiyiya take." Na ce, "Minti biyar." Ƙarya na yi, jama'a, ƙarya na yi.

Na kira Mzee Shomari a waya, ga shi nan zaune a gabanku. Ya ce, "Kin kwafi na asali?" Na ce ban kwafa ba. Ya ce, "Ke da kike mana wa'azi kullum? Kwance allon, hau babur!" Da na isa, muka zazzage tarkacen shagonsa har muka sami mataccen allo irinsa, muka karanto guntunsa, muka rubuta a na asibitin. Sau biyu maƙalin da ke kama guntun yana zamewa saboda zufar hannuna. A na uku fuska ta kawo haske. Awa huɗu ke nan.

Na koma asibitin na tarar ana goge jini a benci. An sa matar a bajaji, keken nan mai ƙafa uku, zuwa babban asibiti, cikin cunkoson azahar. Na ce, "Ta tsira?" Upendo ta ce, "Ba mu ji ba tukuna." Har yau ban sake tambaya ba. Tsoro nake ji.

Abu na biyu roƙo ne. Ku kwafi guntu kafin ku taɓa shi, ku kwafa sau biyu, ku gwada su. Kada ku yi filashin babu batiri, ko da sarkin gaggawa ne ya tsaya a kanku. Sannan kafin ku kwance ko da sukuru ɗaya, ku tambayi mai na'ura: wa ke jiran wannan kwamfuta yau?

Allah ya tsare hannayenmu daga ganganci, ya mayar da kowa gida lafiya. Ita kuma baiwar Allah nan da ban san sunanta ba, Allah ya sa tana raye, ita da abin da ta haifa.

Na gode.