Akun da ɗana ya kawo mini

Salamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Ni tsohon direba ne a nan Garwa. Da na ajiye aiki, ɗana ya kawo mini aku daga gidansa na Marwa, wai ya ɗebe mini kewa.

Rannan ina alwala, sai akun ya ce da muryar matar ɗana sak: "Lallaɓa tsohon ya sa hannu, mu sayar da gidan."

Na tambayi ɗana, ya ce, "Haba Baba, surutun tsuntsu ne. Kawo in mayar da shi."

Jama'a, aku yana faɗin abin da bai ji ba? Ku ba ni shawara. Ɗawainiyarsa ta ishe ni, amma in na mayar, wa zai ƙarasa mini labarin?