Kwalbar da Na Ɓoye a Kwalin Kirsimeti

Salamar Ubangijinmu Yesu Almasihu ta tabbata a gare ku duka, manya da yara, har da waɗanda suka lallaɓo yanzu suna neman kujerar baya. Na gan ku. Ku yabi Ubangiji!

Fasto ya ce minti biyar. Fasto, ka yafe mini tun yanzu.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Ayuba, mutumin Kaltungo. Ina sayar da kayan gyaran mota a Ras Al Khor, nan Dubai. Shagon ba nawa ba ne, amma in ka ga yadda nake tsayuwa a ƙofa za ka rantse har titin nawa ne. Waccan mai jan ɗankwali da ta sunkuyar da kai, matata ce, Rifkatu. Ƙaramar da ta zare mana wayar makirufo makon jiya ana tsakiyar wa'azi kuma, 'yarmu ce, Alheri.

Wanda bai zauna da yarinya mai shekara biyu a fulat mai ɗaki ɗaya ba, bai san rayuwa ba. Gidanmu na unguwar Warsan, in ka miƙe ƙafa a falo sai ta shiga kicin. A nan Alheri take mulki. Rimot ɗinmu a firij yake kwana. Katin shaidata ya sha wanki a inji sau biyu, ya fi rigata tsabta. Da safe ba ma bukatar agogo, da yatsa take ɓare mini ido ta leƙa ciki ta ce, "Baba, shayi." Kuma duk abin da ta ga babba ya yi, sai ta yi. Uwarta ta ɗaura zani, ita ma ta ɗaura tawul. Na yi waya ina faɗa da kwastoma, ta ɗauki silifa ta kara a kunne tana ihu, "Khalas! Khalas!", wato "shi ke nan" da Larabci.

To, ga abin da ya tsayar da ni gabanku.

Shekara shida ina shan dokha. Iyayenmu mata, dokha wata taba ce ta ƙasar nan, gari-gari kamar busasshiyar kuka, ana zuba ta a ɗan ƙaramin lofe. Zuƙa ɗaya, sai ka ji kanka ya tafi Sharjah ya bar gangar jikinka a Dubai. A bayan shago abokan aiki suka koya mini. "Shwaiya, habibi, ɗanɗana kawai." Ɗanɗanon nan ne ya riƙe ni shekara shida. Ina rera waƙa a nan ranar Lahadi da makogwaron da na ƙona da safe. Baba Dattijo, daina kallona haka, ai shaida nake bayarwa.

Ranar da aka haifi Alheri, Rifkatu ta riƙe hannuna a gadon asibiti ta ce, "Baban Alheri, ka yi mini alkawari." Na ɗora hannu a kan jaririya na ce na bari har abada. Har abadan nan kwana tara ta yi.

Daga nan na zama gwanin ɓoyo. Ina tauna kanumfari har matata ta fara neman mini likitan haƙori. A duk benenmu babu mijin da ya kai ni son zubar da shara. Leda ko rabi ba ta yi ba, na ɗauka na sauka. Rifkatu har yabona take yi a zumuntar mata. Iyaye mata, ku yafe mini, na san wasunku sun je gida sun yi wa mazajensu gori da ni.

Matsalar ita ce wurin ajiya. Duk abin da yake ƙasa da ƙuguna a gidan nan, na Alheri ne. Sai na ɗaga kai na ga kwalin Kirsimeti a saman sif.

Bari in gaya muku labarin kwalin. A gidanmu na Kaltungo, ranar Kirsimeti ba a sa loma a baki sai maƙwabta sun samu nasu. Mama ta jera kwanuka, shinkafa da miya da nama da cincin, Baba ya saɓa autan gida a wuya, sauran mu mu bi shi da kwanuka gida-gida, Kirista da Musulmi, ba a tsallake ƙofa. Da muka zo nan muka ce ba za mu bari ba. Rifkatu ta sayi ƙananan kuloli goma sha biyu don wannan aikin kaɗai. Sau ɗaya ake sauko da su a shekara, ranar jajibiri, kuma ni ne mai saukowa da su, don ita ko ta hau kujera hannunta ba ya kaiwa. Na ce Ayuba, kai dai Allah ya yi maka kai. Na cusa kwalbar dokha da lofen cikin ƙaramar kula, na rufe.

Bara, saura kwana biyu Kirsimeti, ashe zumuntar mata sun sa gwajin waƙa ranar jajibiri. Sai Rifkatu ta ce bari ta rage aiki tun da wuri. Ta ari tsani wurin matar maƙwabcinmu Alhaji Sani, Bakanon nan mai tura kaya a kontena. Ta sauke kwalin, ta ajiye a falo, ta shiga kicin ta ɗora ruwan zafi na wanke kuloli.

Minti nawa? Ba su kai goma ba.

Wajen sha ɗaya na safe ina shago ina rantse wa wani cewa famfon man da ke hannuna na asali ne, waya ta yi ƙara. Ban taɓa jin muryar matata haka ba. "Baban Alheri, yarinya tana amai, jikinta ya saki. Alhaji zai kai mu asibiti. Ka taho."

Na bar kwastoma da famfo a hannu. Mai tasi ya ga fuskata bai tambaye ni komai ba, ya taka mota.

Na same su a ɗakin gaggawa. Alheri, wadda mutum uku ba sa iya riƙe ta a yi mata kitso, tana kwance shiru, goshinta duk gumi, miyau yana zuba, idonta rabi a rufe. A kan tebur kuwa, ga ƙaramar kula, ga kwalbata, ga lofena.

Ashe girki ta yi. Ta juye dokha a kula, ta ɗauki lofe ya zama ludayi, tana juyawa. Kuma kun san uwarta ba ta sauke miya sai ta ɗanɗana gishiri. Ita ma ta ɗanɗana.

Likitar, wata 'yar Indiya mai farin gilashi, ta ce taba ce mai ƙarfi ƙwarai, kuma ga yaro ƙarami ko kaɗan ba kaɗan ba ne. Ta ce abin da take so ta sani shi ne yawan abin da ya shiga cikinta. "Kwalbar nan cike take, ko rabi? Wa ya sani?"

Kafin in buɗe baki Rifkatu ta ce, "Ba wanda ya sani, likita. Ta ƙanena ce, Dauda. Ya zauna da mu wata biyu da bizar ziyara, ya koma gida. Mijina ya daina tun da aka haifi yarinyar nan." Ta juyo gare ni tana hawaye. "Baban Alheri, kira mini Dauda, yau sai ya gaya mini abin da na yi masa."

'Yan'uwa, kun ga ƙofa? Matata da kanta ta buɗe mini ita, ta share, ta shimfiɗa darduma. Dauda yana can Gombe bai san hawa ba bai san sauka ba, ko lemo mai gas ba ya sha. In na yi shiru, na tsira. Kuma ina gaya muku gaskiya a gaban Allah, na yi shirun. Har na ciro waya ina neman lambar Dauda. Ni ɗin nan da kuke gani da taye.

Sai Alheri ta yi wani yunƙurin amai, babu abin da ya fito, ta ɗan ɗaga hannu tana lalube. Ba ta ma san wa take nema ba.

A tsaye nake, ido buɗe, waya a hannu, na yi addu'ar da ta fi kowace gajarta a rayuwata. Na ce, Yesu, ka buɗe mini baki, ni na kasa.

Ya buɗe.

Na ce, "Likita, tawa ce. Ranar Juma'a na saya. Yau da safe na ɗiba. Daidai nan tabar ta tsaya." Na ɗora farce daidai saman takardar da ke jikin kwalbar.

Likitar ba ta da lokacin kallona. Ta sa aka juye abin da ke cikin kula aka mayar kwalba, aka kakkaɓe har wanda ya maƙale a murfi. Garin ya tashi ya tsaya ƙasa da farcena kaɗan. Ta ce, "To, da sauƙi. Abin da ta haɗiye ba shi da yawa, kuma ta amayar da wani. Za mu sa mata ido zuwa yamma." Ta ce da ba a sani ba, da dole su ɗauka mafi muni ne.

Rifkatu ba ta yi ihu ba. Da ma ta yi. Kallo ɗaya ta yi mini, ta ce, "Shara." Ta koma ta zauna bakin gado.

Na fita baranda. Alhaji Sani yana zaune a benci da carbinsa, ya bar lodin kontena yana jiransa. Ya ji komai. Ya ce, "Malam Ayuba, ka yi abin kunya, ba zan ɓoye maka ba. Amma ka faɗa a lokacin da faɗar take da amfani. Je ka roƙi Allah, ni ina nan ina nawa."

Na sami wani lungu kusa da injin sayar da ruwa, na durƙusa a kan tayil. Mutane suna wucewa, ban damu ba. Na ce, Ubangiji, sau nawa na ce na bari da ƙarfina, kai ka ƙirga. Ba ni da ƙarfin. Ka bar mini yarinyar nan, kuma ka cire mini abin nan daga jini, don in ka bar ni da wayona, gobe zan sami wani kwalin. Na yi kuka har wani mai goge-goge ya miƙo mini tishu.

Wajen la'asar muna zaune bakin gado, sai muka ji, "Baba, shayi." Kafin mu juya ta cisge wayar da aka maƙala mata a yatsa, inji ya hau kuka, nas biyu suka shigo a guje. Likita ta leƙo ta ce, "Wannan ta warke, ku kwashe ta kafin ta rufe mana asibiti." Halleluya!

Kada wani ya ce muku daga ranar sha'awar ta ɗauke kamar an kashe fitila. Ƙarya ne. Washegari tun asuba nake zagaye falo ina neman abin zuƙa. Sai Rifkatu ta dire mini ƙwaɓin cincin da wuƙa a gabana. Duk lokacin da ta ga na fara kallon kwandon shara, sai ta ƙara fulawa. Jama'a, na yanka cincin da zai ciyar da Warsan har Ista. Ina yanka ina kiran sunan Yesu, Alheri tana gefe tana sace ɗanye.

Ranar Kirsimeti, kun san nan ranar aiki ce, sai da na roƙi maigida ya ba ni safiya. Na saɓa Alheri a wuya, ta riƙe kunnuwana kamar sitiyari, uwarta tana biye da kuloli. Muka bi ƙofa-ƙofa. 'Yan Ghana na ƙarshen baranda suka karɓa suna sa albarka, 'yan Filifin na hawa na uku suka ɗauke mu hoto. Ga yunwa, ga kaina yana sarawa, ga yarinya tana rera waƙar da ita kaɗai ta san kalmominta tana buga mini ƙeya. Ban taɓa jin daɗin Kirsimeti irin wannan ba. Alhaji Sani ya buɗe ƙofa, ya ba Alheri tukuicin dabino, ya dube ni ya ce, "Kwana nawa?" Na ce biyu. Ya ce, "Yalla, a ci gaba, saura na uku."

Da muka dawo gida muka zauna cin namu, Rifkatu ta ce, "Kafin ka taɓa cokali, akwai maƙwabcin da bai samu nasa ba." Ta miƙo mini waya, tana ringin. Dauda ne. Na gaya masa komai, har da yadda na nemo lambarsa don in ɗora masa. Ya yi dariya har ya ƙware, ya ce, "Yaya, takalmin ƙwallo lamba arba'in da uku, shi ne kuɗin yafiya." Rifkatu ta yi dariya, karo na farko cikin kwana biyu, ta ɗauko cinyar kaza ta sa a farantina.

Jibi shekara ɗaya cif. Ko zuƙa ɗaya. Na sha zuwa bayan shago, ƙamshin ya bugi hancina, in ce Yesu, ga shi nan fa, in wuce. Wani lokaci da gudu nake wucewa, amma ina wucewa.

Na gode wa Allah da ya bar mini 'yata. Na gode masa da ya ba ni mace mai haƙurin da ban cancanta ba, da maƙwabci na gari. Na gode masa da ya buɗe bakin da ya saba sayar da tsohon ƙarfe a matsayin sabo, ya sa gaskiya ta fita ta cikinsa.

Kai kuma ɗan'uwa, da kake dariya tun ɗazu amma kai ma kana da naka kwalin, na san ka, don ni ne kai bara. Ban san abin da ka ɓoye ba, ban san inda ka ɓoye shi ba. Kada ka jira sai likita ta tambaye ka. Ka gaya wa Yesu yau, ko da kalma biyar ne, yana ji. Sannan ka je gida ka gaya wa wadda ya kamata ta sani. Za ka sha kunya, ba za ta kashe ka ba. Ga ni tsaye.

Maman Alheri, kama ta, ta nufi ganga! Ku yabi Ubangiji!