Ni ce ciwon ɗiyata

Salama gare ku, 'yan'uwa, cikin sunan Yesu.

Kun san ni, Afi, 'yar Togo da aure ya kawo Mayahi, yau shekara goma sha bakwai ke nan. Abin da ba ku sani ba, duk shekarun nan ƙyamar garin ga nike. Ina dariya da ku a majami'a, in koma gida in wanke hannu da sabulu. Tir da ni!

Bara ɗiyata Rahila, mai shekara goma sha biyar, ta daina cin abinci. Ta rame har zane ba ya zama a ƙugunta, ta bar zuwa lakwal, wato makaranta. A likita aka ce ba a ga komi ba. Ba uwa gare ni a nan ba, ba 'yar'uwa. Wa zan tambaya? Girman kai ya hana ni buɗe baki.

Mama Saratu ta zumuntar mata ce ta shigo ba gayyata, ta zauna kusa da yarinyar, ta ce, "Ɗiyata, mi ke cin ki?"

Rahila ta ce, "Mama, in na tai Attantane wurin kakata, a ce ga 'yar Togo, a ba ni kwano daban. In na dawo, uwata ta ce in yi wanka kafin in taɓa komi. Furar da Kaka ke aikowa, awaki take zuba ma. Ko'ina ni ce ƙazama. To, in ci in girma in zama wa?"

Ina bakin ƙofa. Wayyo! Ban taɓa jin ƙyamar wani abu kamar yadda na ji ta kaina ba.

Muka durƙusa mu uku. Na ce, "Ubangiji, dattin a zuciyata yake, wanke ni." Kuka ya hana ni ƙarasawa.

Washegari muka hau kabu-kabu zuwa wurin uwar mijina. Na faɗa mata komi, ban rage ba. Ta ce, "Mu ma mun yi namu laifin." Ta jawo kwano guda, ta ce mu sa hannu. Rahila ta dube ni, ta dubi kakarta, ta kai loma.

Jiya sai da na ƙwace tukunya a hannun Rahila, tana kankare ƙanzo. Halleluya!

Na gode wa Yesu. Uwaye baƙi irina, kada ku rufe ƙofa. Ku dogara gare shi, ku bar 'ya'yanku su zama na gida biyu. Amin.