Wanda Ya Ce Ya Gwada

A tashar Gaya, Mala na jiran motar Ajingi, ya ji wani dattijo yana sauraron wa'azi a waya.

Ya yi masa sallama, ya ce, "Baba, tura min wannan, ni ma in tura maka nawa."

"Ba na karɓa, ɗana. Bara wani fayil ya zaga wayoyin garinmu Gafasa, wai sunayen masu samun taki. Ya kashe min waya, da hotunan marigayiya mai ɗakina a ciki."

"Wataƙila mai turawar bai sani ba."

"To me ya sa ya haɗo da saƙon murya, yana rantsuwa ya gwada?"

Mala ya sunkuyar da kai.

"Ni ne, Baba. Ban gwada ba."

"Tun sallamarka na gane muryar. Jira nake ka faɗa da bakinka."