Kazar Da Na Jefa Bayan Darni

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, manya da yara, har da masu zama a bencin baya don su samu damar gyangyaɗi. Na san ku ɗaya ɗaya, don da tare muke yi.

Sunana Ishaya. A ƙauyenmu, kan hanyar Gidan Sori, Baba Sanarwa ake ce mini, saboda shekara da shekaru ni ke tashi in karanta sanarwa bayan wa'azi. Aji uku na yi a lakol kafin mahaifina ya ga awakinsa sun fi malami bukatata. Don haka in kun ga harafi ya karkace a takardar nan, ku tallabe shi, tsoho ne kamar mai shi.

Da pasto ya ce in rubuta shaida, na ce masa ni ba mashayi ba ne, ban taɓa caca ba, mace ɗaya ce ta jure ni har yau. Me zan rubuta? Ya dube ni ya ce in rubuta ta kazar. Ga ta nan.

Shekara biyu da suka wuce, ɗiyata Rahila, wadda ke aure a Gazawa, ta kawo mini buhunan nan masu leda a ciki, waɗanda in ka ɗaure baki ƙwaron wake ke mutuwa don kansa. Ta sa na yi alkawari a gaban uwarta ba zan ƙara sa ƙwayar maganin nan da muke kira bom a cikin wake ba. Na yi alkawarin. Har ma Lahadin da ta biyo na tsaya a gabanku na karanta gargaɗi a kan ƙwayar, na ƙara da nawa bayani, na ɗaga yatsa. Wasunku sun tafa.

Ledojin kuwa, damina na zuwa na yanka su na rufe rumfar awaki.

Bara Allah ya ba ni wake. Buhu huɗu na jera a ƙaramin ɗakin baya. Da Disamba ta kama, na sa hannu a buhu ɗaya na ji ɗumi, na ɗebo na ga ƙwaro ya fara huda. Ranar kasuwar Gidan Rumji na sayo ƙwayar a wurin wani mai tebur, na ɓoye gwangwanin a aljihun babbar riga kamar mai satar goro.

Kun san yadda gida ke zama a watan nan. Matata Saratu ta koma soja. Ana shafe daɓe, ana wanke tukwanen da ba a taɓa ba tun bara, ana tsince shinkafa, ana kai wa tela anko na zumuntar mata ana dawowa da faɗa. Surukata Lami, matar ɗana da ya tafi ci-rani, tun asuba take kan turmi. Ni aikina a wannan wata shi ne in matsa daga inda za a share zuwa inda aka riga aka share. Saratu ta ce ta gaya mini sau uku cewa a ɗakin baya za ta sauki Rahila. Ban musa ba. Shekara arba'in da wani abu ina jin muryarta, kunnena ya koyi zaɓe.

Kwana huɗu kafin Kirsimeti, da safe, na ƙulle ƙwayoyin a tsumma na tura cikin kowane buhu, na ƙara biyu a tsakaninsu don ƙwaron ya san da wa yake yi. Na rufe da tsohuwar tabarma. A lissafina Rahila sai jajibere za ta zo, kafin nan wari ya fita. Na hau amalanke na tafi Cadakori gaishe da wani abokina da ƙafa ta kwantar, na kwana can.

Washegari da hantsi na dawo na tarar da takalman baƙi a ƙofar ɗakin baya. Rahila ta samu mota tun jiya. Ita da ɗiyarta Hanne, 'yar shekara biyar, a ɗakin suka kwana, ƙofa a rufe, an toshe taga da tsumma saboda sanyi.

Hanne ita ce amaryata. Tun tana goye nake ce mata haka, ita kuma da ta iya magana ta ce ba ta auren mai haƙori uku. Duk zuwansu da gudu take tarbata ta laluba aljihuna. Ran nan tana kwance a cinyar uwarta a tsakar gida, ta yi amai sau biyu, idonta ya faɗa. Rahila ma ta ɗaure kai da ɗankwali, ta ce kanta kamar ana daka a ciki.

Saratu ta riga ta yanke hukunci. Kunun gyaɗar da Lami ta dama wa baƙi jiya ne, wai gyaɗar ta yi fumfuna ba ta tsince ba. Ta faɗa a gaban kowa, har da maƙwabciyar da ta shigo aron rariya. Lami ta koma kan turmi tana daka, hawaye na sauka kan taɓarya.

Na shiga ɗakin kamar mai neman wani abu. Warin ya doke ni, kamar tafarnuwa da ruɓaɓɓen kifi. Daga waje Saratu ta ce ɓera ne ya mutu a rufi, za ta sa turare. Na ɗaga tabarmar. A bayan buhunan akwai kazarmu mai wake-wake da ke kwanci a kan ƙwai tara. Tana nan a kan ƙwanta, wuyanta ya lanƙwashe, ta sandare.

'Yan'uwa, a nan ne shaidata take. Ba zan ce ban gane ba. Na gane sarai. Na ɗauki kazar na sa ta cikin babbar riga, na ratsa tsakar gida ina gaisawa da mutane, na je na jefa ta bayan darni.

Me na ji tsoro? Bakin Saratu. Idon Rahila. Da ku, masu tafi. Na ce a raina zan fitar da buhunan a ɓoye, yarinya ta sha iska ta warware, magana ta mutu. Na koma na kama buhu ɗaya. Ko motsi bai yi ba, bayana ne ya yi ƙara. Kuma gidan da ake shirin Kirsimeti ba ya zama babu ido. Masu kitso sun zo sun baje a ƙofar ɗakin. 'Yan ƙungiyar waƙa sun biyo karɓar ganga. Maƙwabcinmu Malam Idi, wanda ke yanka mana rago kowace shekara don maƙwabta Musulmi su ci tare da mu, ya shigo duba ragon, ya tsaya muna ta raha. Na yi dariya har da buga cinya. Ina iya tuna abin da ya ba ni dariyar, kuma ina jin kunyar tunawa.

Da rana ta take, Saratu ta ce a mai da yarinya ɗaki ta huta, hayaniya ta yi yawa. Na ce a bar ta a inuwar itacen bedi, iska ta fi. Ta ce tun yaushe na zama likita, in je in nemo itace. Ai kuwa na tafi neman itace. Na bar su suka shimfiɗa ta taku biyu daga buhunan, suka saki bargo a ƙofa.

Ban san abin da na sara ba a dajin nan. Ina ta ciniki da Allah. Na ce ya tashe ta kawai, ni kuma gobe in san dabarar buhunan, ba sai kowa ya ji ba. Kamar ina magana da mai tebur a kasuwa.

Da la'asar na dawo na ji gidan tsit. An bar turmi, an bar kitso rabi. Rahila na zaune a bakin gado, Hanne na jan numfashi da ƙyar, ƙirjinta na shiga yana fita kamar na ɗan tsako, leɓenta ya canza launi. Saratu ta ce, “Maigida, kai ne dattijo, yi mana addu'a.”

Muka durƙusa a ƙofar ɗakin. Lami can baya, ita kaɗai, ba wanda ya matsa mata wuri. Na ɗaga hannu na gyara murya irin ta sanarwa. Na ce, “Ya Uba, kai ne ka san abin da ya kama yarinyar nan.”

Bakina ya tsaya a nan. Na sake buɗewa, babu. Ban ji murya daga sama ba, kada in ƙara ƙarya a kan ƙarya. Abin da na ji shi ne wanda nake kira yana tsaye a wurin, ya ga tsumman, ya ga kazar, ya ga itacen, yana jira ya ji ko zan gama jimlar. Tunda nake ban taɓa jin tsoro irin wannan ba. Na ce a zuciyata, Yesu, in ka buɗe bakin nan, gaskiya zai faɗa.

Ya buɗe.

Na ce, “Ku fito da ita. Bom na sa a waken. Ba kunun Lami ba ne, ni ne.”

Rahila ba ta dube ni ba. Ta sunkuci yarinyar ta yi waje. Malam Idi ya tada babur, Rahila ta hau da ita a ƙirji suka nufi asibitin Gidan Rumji. Na bi su a bayan wani mai babur, gwangwanin a hannuna. Majo, wato malamin asibitin da ke aiki, ya karɓa ya juya shi, ya tambayi awa nawa ta yi a ɗakin. Ya ce wannan ba shi da wata allurar da ke karya shi, sai dai a taimaki numfashinta a jira. Ya ce da ta ƙara kwana ɗaya a ɗakin, da ba wurinsa za mu kawo ta ba. Suka tura mu Maradi.

A barandar asibiti na yi Kirsimeti. Shinkafar da aka tsince ba a dafa ba. Ragon ya ƙara wata biyu a duniya, shi kaɗai ya ci ribar abin. Ankon Saratu na ninke a akwati har yau, ta ce ba ta iya ganinsa.

A rana ta biyu Rahila ta fito ta zauna kusa da ni. Na riga na gaya wa uwarta zancen kazar, ita kuma ta gaya mata. Ta ce, “Baba, ƙarfe nawa ka ga kazar?”

Na ce da hantsi.

Ta ce, “Ka yi addu'a da la'asar.”

Ta tashi ta koma ciki. Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na fi samun sauƙi.

A rana ta huɗu aka cire wa Hanne abin numfashi. Aka ce in shiga. Ta buɗe ido ta daɗe tana dubana, sannan ta miƙo hannu a hankali ta sa a aljihuna. Babu komai a ciki. Ta ce da wata 'yar murya, “Tsohon nan, ko alewa babu.” Na fita baranda na yi kuka irin wanda ban yi ba ko ranar da aka binne mahaifiyata. Yabo ga sunan Yesu!

Da muka dawo gida na je har bakin turmi na durƙusa wa Lami. Tsoho da furfura a gaban matar ɗansa. Ta rufe fuska ta ce, “Baba, tashi don Allah, mutane na gani.” Na ce su gani, ai a gabansu aka ɗora miki laifin. Saratu ma ta ba ta haƙuri, da irin nata salon, wato ta ba ta sabuwar tukunya ba tare da ta ce komai ba. Yanzu makullin ɗakin baya a wuyan Lami yake. In ina son wake sai na roƙa. Na kuma ajiye karanta sanarwa. Pasto bai kore ni ba, ni na ce yatsan nan ya huta.

Ba zan ce muku komai ya koma daidai ba. Hanne na tari duk lokacin sanyi, ba ta gudu kamar da. Rahila na kirana a waya, tana gaishe ni da ladabi, ta tambayi ƙafata, ta ce a ba Inna. Shekara guda ke nan ba ta yi mini wasa ba. Na san ni na saya, ba na kuka da farashi.

Amma makon jiya ta aiko. Ta ce za su zo bana. Ta ce a gaya wa Lami ta duba ɗakin da kanta, ta kuma bar shi ya kwana biyu a buɗe. Ba ta ce a gaya wa Baba ba. Duk da haka na je kasuwa na sayo alewa, tana aljihuna yanzu haka, kuma in na kama mai taɓa ta a bencin baya za mu haɗu.

Abin da Ubangiji ya cece ni daga gare shi ba ƙwayar ba ce. Ya cece ni daga mutumin da ya iya ratsa tsakar gida da mushen kaza a riga yana gaisawa. Mutumin nan dattijon ikilisiya ne, ya san waƙoƙi da ka, kuma saura kaɗan ya binne jikarsa don kada matarsa ta yi masa faɗa.

Ina gode wa Allah da ya rufe bakina a tsakiyar addu'a. Ina gode masa da ya sake buɗe shi. Ina gode masa don numfashin Hanne, ko da tarinsa.

Ku kuma, in akwai mai wata kaza a cikin riga yau, ku dogara ga Yesu ku fito da ita. Kunyar ba ta kashe ni ba, ga ni ina rubutu. Sai dai ina roƙonku abu ɗaya: ku faɗa da hantsi, kada ku jira la'asar. Amin.