Ranar da na ce nonon Kwanye mugu ne

Ku kasa kunne, 'yan'uwa, tsohuwa za ta yi magana. Ina gaishe ku cikin sunan Yesu.

Ni ban shiga makaranta ba, amma na goyi 'ya'ya bakwai, sai na ɗauka babu abin da ban sani ba a kan jariri. Da daminar bara Kwanye, matar ɗana Tumba, ta haifi 'yar fari a gidanmu na Kolere. Muka sa mata suna Kuve.

Kwana biyar yarinya na kuka. Ta cafki tsinin nono, ta tsotsa, ta saki, ta tsala ihu. Kan nonon uwar ya tsage har da jini, sai ta ciji zane kafin ta ba ta. Kuve ta rame, fitsari ma sai ɗigo.

Sai na yi abin da na ga iyayenmu suna yi. Na tatsi nonon a ƙoƙo, na jefa tururuwa. Tururuwa ta mutu. Na ce, "Kwanye, nononki mugu ne, kada ki ƙara ba ta." Wayyo, da bakina na faɗa! Na dama kunu tsararo zan ɗura wa 'yar kwana shida.

Kwanye ta riƙe hannuna. "Mama, in nonona ne ke kashe ta, ni ma ki bar ni in bi ta."

Na duba Kuve, kukan ma ya gagare ta. Na fita na durƙusa cikin taɓo a tsakar gida. "Yesu, wayona ya ƙare! Kada ka bar jikata ta mutu a hannuna!"

Ban tashi ba sai ga Mama Rifkatu ta zumuntar mata, tsohuwar ungozomar asibiti, ta zo barka, takalmi a hannu saboda laka. Na ba ta labari. Ta ce, "Kaka, ke ma in an jefa ki a tafki ai nitsewa za ki yi. Zubar da kunun nan."

Ta jingina Kwanye da bango. "Daina sunkuyawa, jawo ta gare ki. Cikinta a kan cikinki. Taɓa mata hanci da kan nonon. Jira, jira ta wage baki kamar mai hamma. Yanzu!" Baƙin nonon ya shige bakin yarinya, haɓa ta manne, leɓen ƙasa ya juyo waje.

Kwanye ta ce, "Mama, babu zafi!" Muka kasa kunne, muka ji haɗiya, ƙut, ƙut. Halleluya!

A ranar nan Mama Rifkatu ta raka Kwanye da Kuve asibiti aka duba su. Yanzu ta koma wurin ɗanta a Michika. Kwanye ta warke, na roƙi gafararta a gaban mijinta, ta yafe mini. Kuve kuwa, ga ta can tana jan ɗankwalin uwarta.

Na gode wa Ubangiji. In wayonku ya ƙare, ku kira shi, yana ji. Amin.